Buhu Ɗari Biyu, Wai "Mun Ɗan Taɓa"

To, masu taɓe baki, ku gyara zama. Yau a kan fi'ili guda za mu wuni, kuma tun ban furta shi ba na jiyo wani daga Ƙafur yana cewa, "Malam, ana kukan tsadar taki kai kana yi mana nahawu?" Haƙuri, Alhaji. Takin ma zai shigo, har da buhunan masarar da ka jibge a shagon surukinka don kada a gan su a gidanka. Kada ka tashi tukuna.

Fi'ilin shi ne ƙanƙanta. A ƙanƙanta abu, ko a ƙanƙantar da shi, wato a ɗauko abu mai girma a miƙo wa mutane shi ɗan mitsitsi, alhali mai miƙowar ya san girmansa sarai. Ku riƙe wannan wutsiyar ta ƙarshe da kyau, don a kanta rigimarmu take. Yana da dangi, su ƙanƙane da ƙanƙanuwa, abu ya ƙanƙance, mutum ya ƙanƙan da kai, amma aikinsa a bakin mutanen Funtuwa da Malumfashi nake so mu duba, don a yankin nan na Karaduwa an mai da shi sana'a. Abin dariyar ma, kalmar ita kanta ba kasafai ake jin ta ba. Babu manomin da zai ce, "Bari in ƙanƙanta amfanina." Aikata ta ake yi, sai na gefe ya kama mutum dumu-dumu ya ce, "Haba Alhaji, daina ƙanƙantar da abin nan mana, ai mun ga motar da ta kwaso shi."

Ga mai gardama na farko can, malamin makaranta ne da alama, ya ɗaga ƙamus sama yana cewa, "Ai wannan raini ne, riga kawai ka sauya masa." A'a, Malam. Ajiye ƙamusun Bargery ɗin nan, tun 1934 yake fama, bar shi ya huta. Dubi karin maganar da Bahaushe ya yi a kan raini ka ga inda kowace take ƙarewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Raina kama ka ga gayya. Ko dai ido ya tsiyaye, ko ƙafa ta kumbura, ko a sha kashi, domin mai raini kuskuren awo ya yi: ya hangi abu ya zaci ƙarami ne, abin ya shammace shi. Mai ƙanƙantawa kuwa ba ya kuskuren awo. Shi ya tsaya a kan injin casa daga safe har magariba, shi ya ƙirga buhunan, a gabansa aka zare basilla aka ɗinke bakinsu. In ka tashe shi tsakar dare zai faɗa maka adadin har da tiya uku da suka rage a ƙasan tamfol. Shi dai kai ne ba zai faɗa wa ba.

Ka tare shi a kasuwar Bakori cikin Disamba, an kawar da masara, dawa ta shigo gida, auduga ta tafi sikeli. Ka ce, "Alhaji, ya amfani?" Ko buhu 200 ya ɗaure, zai dubi ƙasa, ya shafi gemu, ya ce, "To, mun ɗan taɓa." Kayan aikin nasa ba su da yawa, amma suna da kaifi: ɗan, 'yar, 'yan, sai taɓa, sai leƙa. "'Yar gonata ta bakin rafi" ita ce wadda tarakta take wuni a ciki ba ta gama ba. "Ɗan ɗakin da na kafa" bene ne. "'Yar motar nan da yaro yake ja" tirela ce mai zuwa Legas. Shi kuwa wanda ya "ɗan leƙa Saudiyya", masu sayar da dabino a Madina sun san shi da suna.

Kuma abin yana da matakala, wadda duk ɗan yankin ya haddace ba tare da an zaunar da shi ba. In ka ji "an samu na kunu", to rumbu ya cika ya tumbatsa, tuwon baɗi ma yana ciki. In ka ji "ba laifi", je ka tambayi kuɗin kujerar Makka, don shi ya riga ya tambaya. "Sai godiya" ita ce mai wuyar sha'ani, sai ka dubi fuska, ka dubi takalmi, ka ga ko sabo ne. Wanda damina ta kayar da gaske ba ya wannan kwalliya, "bana sai haƙuri" zai ce ya ja bakinsa ya yi shiru. In ka matsa masa, hasarar ma ƙanƙanta ta zai yi: "Ruwa ne ya ɗan taɓa mu." Ka je gonar ka tarar agwagi suna iyo a inda kunya take.

Na ga wani ustazu ya gyara hula yana ta'awwuzi. "Wannan ai ƙarya ce aka naɗa wa rawani." Allah gafarta Malam, a yi mini aikin gafara, amma wa aka yaudara? Ƙarya sai da wanda ya haɗiye ta. Mai tambayar nan gonarsa tana iyaka da ta Alhaji, ya ga yabanya, ya ga bunni, ya ga goyo biyu-biyu a kan kara. Da ya ji "mun ɗan taɓa" ya riga ya yi lissafinsa a zuci, bai kuma yi kuskure da buhu biyar ba. Da Alhaji zai buɗe baki ya ce, "Buhu 200 cif, ban da na iri," nan ne za a sami matsala. Kafin la'asar labari ya kewaye unguwa cewa wane ya fara ɗagawa, arziki ya hau masa ka.

Ga sirrin da masu taɓe baki ba su lura da shi ba: wasan na mutum biyu ne. Ɗaya ya ƙanƙanta, ɗaya ya mayar wa abin da girmansa. Hajiya, ke ce shaidata a nan, kada ki noƙe. Kin kwana kina aikin masa da miyar taushe, kin yanka kaji biyu, kin aika yarinya da kwanuka har tana rangaji. Me kika ce ta faɗa? "Wai in ji Mama ga ɗan abin taɓawa, a yi haƙuri ba yawa." Can kuma uwargidan ta san nata layin: "Kai, kai, kai! Duk wannan? Wannan hidima ta yi yawa, Allah ya saka da alheri." An tashi lafiya, kowa ya sami nasa. To a ce ta buɗe kwanon ta leƙa ta ce, "Eh, gaskiya kam ba yawa." Hajiya, shekara nawa za ki yi ba ki taka gidan ba? Haka mai kai gudummawar biki yake dunƙule kuɗin da za su sayi tunkiya ya ce, "Ga wannan a sayi goro." Haka masu kai lefe suke sauke akwatuna su ce 'yan tsummokara ne. Wanda ya ƙanƙanta abinsa rance ya ba ka, yana jiran ka maido masa da yabo. In ka riƙe, ka ci bashi.

Sai ga abokin wasana Bahaɗeje ya leƙo, dama ba a rasa shi inda ake zancen Katsinawa. "Ku bar wahalar da kanku, rowa ce kawai. Tsoro suke a roƙe su." To, mai kifi, sannu da zuwa, zauna daga can iska tana kaɗowa. Ban ce babu ƙamshin gaskiya a maganarka ba. Mutumin da aka ji ya ɗaure buhu 200, washegari zai tarar da zaurensa ya cika: mai matar da ta haihu, mai ɗan da za a yi wa rajistar jarrabawa, mai rufin da iska ta yaye, da ɗan'uwan da rabonsa da gidan tun bikin suna. Amma je ka duba da kyau, mai cewa "na kunu aka samu" shi ne da dare yake aika dami gidan gwauruwar yayansa. Bayarwa yana yi. So yake ya zaɓi wanda zai ba, kada a zaɓar masa. Ga kuma tsoron baki, wanda ko mai digiri a yankin nan in ka yabi sansa da yawa ba ka ce tubarkalla ba sai ka ga fuskarsa ta canza.

Akwai kuma tarihi a ciki. Kakannin mutanen nan sun rayu a ƙarƙashin haraji da jangali. Ana ƙirga magidanta, ana ƙirga shanu, kuma duk abin da aka ƙirga sai an biya a kansa. Bafulatanin da ya hango masu jangali ya san dajin da zai kora rabin garke, manomi kuma ya koyi cewa mai riƙe da alƙalami ba abokin hira ba ne. Sai a 1979 gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta soke harajin da jangalin a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina tana cikinta, don sai 1987 aka yanke ta. An soke haraji, amma harshe bai sami takardar ba. Yau kuma mai ƙirgar ya sauya kama. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, kalmar da ta fi komai tsinka zuciya ita ce infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoton wanda ya sayar da kaya, da nawa ya karɓo, da ɗakin da yake kwana. A irin wannan wuri, wanda ya ce "mun ɗan taɓa" ransa yake karewa. Bahaɗeje, a nan kam ajiye wasan, mu wuce.

Mu shiga kasuwa, don akwai wani maƙwabcin fi'ilin namu da ake yawan rikita su, shi ne kushe. Je ka kasuwar hatsi ta Ɗandume ka tsaya kusa da ɗan sari. Zai soka hannu cikin buhu, ya ɗebo masara, ya watsa ƙwaya biyu a baki, ya ciza, ya yamutsa fuska. "Ba ta gama bushewa ba. Ga dusa. Wannan ai sai dai kaji." Ya yi kamar zai wuce, ƙafa ɗaya ta tafi, ɗaya ta ƙi. To ku kalli abin al'ajabi. Alhajin nan da ya ce mana ɗan taɓawa ya yi, yanzu ya miƙe tsaye yana rantsuwa cewa duk faɗin Karaduwa babu masara irin tasa, ƙwaya ce zalla, ko tsakuwa ɗaya aka samu a ciki a ɗauki buhun kyauta. An taya, ya ce albarka. An ƙara, ya ce albarka. Dillali yana tsakiya yana lallashin kowa, hankalinsa yana kan la'ada. Kun ga bambancin ke nan: naka kake ƙanƙantawa don a yaba, na wani kake kushewa don ya faɗo. Mai kushe yana son abin, shi ya sa bai tafi ba.

Manoman auduga sun fi kowa sanin zafin kushe, don su an yi musu shi da hatimi. Tun da Turawan kamfanin BCGA suka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya ratso daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, audugar yankin nan sai ta bi ta hannun mai dubawa. Shi zai yamutsa ta ya ce wannan daraja ta ɗaya ce, wannan ta biyu, kuma kuɗinka yana rataye a bakinsa. Farashi ma ba a taya shi, hukumar cinikin amfanin gona ce take yankewa daga sama, har zuwa 1986 da aka rushe hukumomin. Mutumin da ya shekara hamsin wani yana rage wa gumin goshinsa daraja, ka zo kana mamakin ya iya taka-tsantsan da baki?

Alhajin Ƙafur, farka, ga takin da na yi maka alkawari. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shi ya yawaita takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, kuma tun daga zamanin ne masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama abin cika tirela. To ku tausaya wa malamin ƙididdigar da aka ba takarda aka ce ya zagaya ƙauyuka ya rubuto abin da kowa ya noma. A wane gurbi zai rubuta "ba laifi"? Buhu nawa ne "na kunu"? Ba banza ba masu wannan aiki suka fi yarda da su auna wani yanki na gona, su girbe shi da hannunsu, su ɗora a sikeli. Sikeli ba ya jin kunya, ba shi kuma da suruki.

Amma kada ku ɗauka bakin nan hanya ɗaya yake bi. Yana da giyar baya, sunanta zuzutawa. Ku tuna shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, ya bazu har ya iso ga masu shinkafa da masara da auduga. Ranar rubuta suna, 'yar gonar bakin rafi sai ta miƙe ta yi faɗi har ta kusa shiga ƙaramar hukumar maƙwabta. Wanda ko fartanya ba shi da ita ya zama babban manomi. Ranar biya kuwa, gonar ta koma 'yar mitsitsiya, ɗan abin da ta yi ma tsuntsu ya cinye, ruwa ya tafi da saura. Ba kowa ba, na sani, akwai waɗanda suka biya har da godiya, kuma akwai waɗanda ambaliya ta cinye da gaske. Amma wanda ya tsargu ya san kansa, ga shi can yana duba waya kamar an kira shi. Wannan kam, Allah gafarta Malam, na sallama maka, ƙarya ce ko hula ba ta saka ba, don akwai wanda aka yaudara kuma akwai dukiyar da ta salwanta.

Tunda kana kusa, Malam, taya ni tuna musu wurin da "ɗan" ba ya aiki sam. In hatsi ya kai nisabi, ausuƙi 5, abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, na ban-ruwa da wahala kuma ɗaya cikin ashirin. Dami goma, ɗaya ba naka ba ne. Ka faɗa wa maƙwabci na kunu ka samu, ya yi murmushi ya wuce. Amma in buhu 200 ne, 20 suna da masu su, kuma wanda za ka yi wa bayani ba a shafa masa gemu.

Yanzu bari in ba masu taɓe baki abin da suka zo nema, don na ga sun ƙosa su ji na soki abin. Yana da inda yake cizo, kuma wurin shi ne ciwo. Bahaushe yana kwance ba ya iya ɗaga kai, ka ce "ya jiki?" ya ce "da sauƙi." Wannan ladabi ne da tawakkali, ba ni da ja a kai, mai dubiya ma ya san fassararsa. Matsalar tana farawa ne ranar da aka kai wannan harshe gaban wanda aikinsa auna ciwo. Likita ya ce, "Tun yaushe?" a ce, "'Yan kwanaki ne," alhali an doshi wata. "Ɗan zazzaɓi ne yake damun yaron," a tsakiyar Agusta, sauro ya yi kaka-gida, yaro har ya fara fizge-fizge. Likita ba maƙwabcinka ba ne, bai ga yabanyarka ba, ba shi da abin da zai mayar wa maganarka da girmanta sai abin da ka faɗa masa. Mafi muni kuma, mutum ya yi ta maimaita "ɗan zazzaɓi" har shi kansa ya gaskata. Daga nan ya fita daga ƙanƙantawa ya faɗa raini, kunamar nan kuma tana jiransa.

Gona ma haka. A 2016 wata baƙuwar tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka ta bayyana a Najeriya, mai shiga cikin kan masara ta ci daga ciki. Wanda ya ga 'yan huje-huje a ganye ya ce "'yar tsutsa ce, ruwa zai wanke ta," ya gane kurensa kafin bunni. A shekarar ce kuma ƙwaron tumatir ɗin nan da manoma suka laƙaba wa Sharon ya share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har tumatir ya gagari miya a birane. Masu lambu a Ɗanja ba sai an ba su labari ba. Ko wuta-wuta da muka gada kaka da kakanni, ai da ɗan fure ɗaya mai kyau take fara sallama a gonar dawa. A faɗa wa maƙwabci "ɗan ƙwaro ne" ba laifi. A faɗa wa malamin gona haka, ko mai sayar da maganin feshi, an cuci kai.

Akwai kuma doka guda da ba a rubuta ba, wadda duk mai hankali a yankin nan yake kiyayewa: abinka kake ƙanƙantawa. Arzikinka, kyautarka, ciwonka, hasararka. Na wani ba a taɓa shi. Mai gona yana da ikon cewa ruwa ya ɗan taɓa shi. Kai mai jaje ba ka da ikon cewa, "Ai ɗan ruwa ne." Wanda aka yi wa rasuwa zai iya cewa "sai haƙuri," kai kuwa in ka ce masa "ai ba komai," a bakin zaure za a tsayar da kai.

Wannan doka ce masu mulki suke yawan takawa, kuma a nan ba na dariya. Daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce yara 333 ne ba a gani ba. Sai aka ji mai magana da yawun shugaban ƙasa na lokacin, Malam Garba Shehu, yana cewa yara 10 ne a hannun maharan. Iyaye suna tsaye a ƙofar makaranta, kowa ya san nasa bai dawo ba, in suka dubi juna ma sun san sun fi goma nesa ba kusa ba. Ranar 17 ga wata aka sako yaran, aka ƙirga 344. Daga baya Malam Garba ya fito ya nemi afuwa, ya ce daga bakin waɗanda ya kamata su sani ya karɓo adadin, kuma neman afuwar abin a yaba ne, don ba kowane mai muƙami yake yi ba. Ban ce da gangan ya yi ba. Amma ku sa kanku a matsayin uwar da ɗanta yake cikin sauran 334 ɗin da lissafin ya tsallake, ku gaya mini yadda kalmar "goma" ta sauka a kunnenta.

Ba a yi shekara ba, cikin Satumban 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara, mutane suka koma tafiya mai nisa don su ce wa ɗan'uwa "muna lafiya." Matsalar da ta kai a rufe wa miliyoyin mutane waya ta wuce a kira ta 'yar matsala. Shi ya sa in mutumin ƙauye ya ce "mutanen daji sun ɗan shigo mana jiya," nakan ji tausayi, don ciwonsa ne, shi ya san abin da ya haɗiye kafin ya faɗi haka. In kuwa mai kujera ya ce "ɗan abin da ya faru an shawo kansa," ya ari ladabin talaka ne ya rufe nasa gazawar. Manomi in ya ƙanƙanta, yana jiran ka ƙara. Hukuma in ta ƙanƙanta, so take ka rage tambaya.

Malamin ƙamus, na ga har yanzu kana kaɗa kai, wai duk wannan ɗan bambanci ne da bai kai a ɓata takarda ba. Ka ji ka? "Ɗan bambanci." Ka karanta tun daga sama har nan ba ka tsallake layi ba, ka ja layi a ƙarƙashin wurare uku, sannan ka ce ɗan bambanci. To wannan raini ne ko ƙanƙantawa? In ba ka gane girman abin ba, raini ne, sai ka koma ka sake karantawa. In ka gane kana dai jin nauyin yabo ne, to barka da zuwa Karaduwa, ka zama ɗan gida.

Sauran masu shakka kuma, ban roƙe ku ku yarda da ni ba. Ku bari kaka ta yi, ku zo Funtuwa, ku tsaya a bakin hanyar Zariya daga hantsi zuwa la'asar ku ƙirga manyan motocin da suke fita da hatsi. Sannan ku shiga gari ku nemo mini mutum ɗaya da zai amsa cewa kayansa ne. Kowa ya zo da kuɗin motarsa, don ni bana ɗan abin da na samu na kunu ne.